Araha Ba Ta Ado: Magana a Kan Tsadar Bin Almasihu

Malam Edita, ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu, in yi wa 'yan'uwana ɗalibai magana a kan wani abu da ya daɗe yana damuna. Ni ba fasto ba ne, ba kuwa ɗan fasto ba. Ɗalibi ne kamar kowa, mutumin Mubi, wanda ya ke sa rai ya riƙe alli nan gaba kaɗan. Da 'yan'uwana Kirista na ke maganar, amma in ɗan'uwa Musulmi ya karanta ba zai ga abin ɓacin rai a ciki ba, watakila ma ya tsinci abin da zai amfane shi.

Duk wanda ya taɓa shiga kara a Mubi ranar kasuwa ya ga yadda a ke cinikin sa. Mai saye ba ya cewa ya saya sai ya kewaya san, ya duba haƙoransa, ya taɓa tozonsa, ya tambayi dillali kuɗi, sa'an nan ya koma gefe ya shafa aljihunsa. In kuɗinsa ba su kai ba, sai ya ce Allah ya kawo kasuwa, ya wuce abinsa, ba mai zarginsa. Wanda a ke yi wa dariya shi ne wanda ya ce ya saya, aka sallama masa, aka ɗaura wa san igiya, da aka zo biya sai ya fara kame-kame.

To, abin mamaki, mu da mu ke da wannan wayo wajen cinikin dabba, in an zo ga maganar da ta fi kowace girma a rayuwarmu sai mu ce mun saya ba mu tambayi kuɗi ba. Yaro ya kai shekara 13 ko 14, ya ga abokansa sun shiga ajin baftisma, shi ma ya shiga. Ya haddace amsoshi, aka kai shi ruwa aka tsoma shi, aka yi waƙa, aka komo gida aka ci shinkafa. Ni ma haka na yi. A ranar ban tsaya na tambayi kaina abin da na ɗauka a ka ba.

Ubangijinmu Yesu kuwa bai ɓoye wa kowa kuɗin ba. A cikin Bishara ta Luka, sura 14, an nuna mana wata rana babban taro yana binsa. Da ɗan siyasa ne, da ya yi murna da yawan jama'a ya ƙara musu alkawari. Shi kuwa sai ya juya ya shiga gaya musu abin da binsa zai ci musu, watau ya kan raba mutum da danginsa, ya kan ci dukiyarsa, ya kan kai har ga ransa. Ya ba su misalin mai son yin gini mai tsawo, wanda ya kamata ya zauna tukuna ya yi lissafi, kada ya sa harsashi ya kasa gamawa, masu wucewa su riƙa yi masa ba'a. Mu ba mu bukatar a fassara mana wannan misali, gama ba unguwar da za ka shiga a Mubi ba ka ga kangon da aka kai linta aka tsaya, ciyawa ta cinye shi ba.

Wannan sura tana da tarihi a wurin da yawa daga cikinmu. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda a ke kira EYN, tana ɗaya daga cikin manyan ikilisiyoyin wannan yanki, asalinta kuwa daga wani ƙauye ne a ƙasar Jamus mai suna Schwarzenau. A can ne, a shekarar 1708, mutum 8, maza 5 mata 3, suka shiga kogin Eder aka yi musu baftisma, alhali dokar ƙasar ta hana wanda aka yi wa baftisma yana jariri ya sake yi da girmansa. Shugabansu Alexander Mack ɗan masu hali ne, amma dukiyarsa ta ƙare a cikin wannan tafiya. Maganar lissafin nan ta Luka 14 ta zauna masa a zuciya, har ya tsara waƙa a kanta. Waɗansu daga cikin 'yan'uwan aka ɗaure su a kurkuku, saura suka bar ƙasarsu suka yi ƙaura zuwa Amurka a 1719 da 1729.

Daga jikokin waɗannan mutane ne Stover Kulp da Albert Helser suka fito, waɗanda suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya a Garkida ran 17 ga Maris, 1923. Shekara guda bayan haka, a 1924, matar Kulp mai suna Ruth ta rasu a Garkida wajen haihuwa, jaririn ma bai zauna ba. Mutumin nan bai tattara ya koma gida ba, ya ci gaba da aiki a ƙasar nan har 1963. Amma kada mu ɗauka Turawa kaɗai suka biya. Ku tambayi tsofaffi a ƙauyukanku, za su ba ku labarin masu bi na farko: wanda ubansa ya kore shi daga gida, da wanda aka hana shi gadon gona, da wanda aka fasa ba shi mata, da masu bishara da su ke hawa duwatsu a ƙasa suna koya wa yara karatu a gindin itace, ladan da a ke ba su kuwa ba ya isar su ko ci. A kan wahalarsu mu ke zaune yau muna karatu.

Mu ma da mu ke raye yanzu an nuna mana kuɗin da idonmu. Ran Laraba, 29 ga Oktoba, 2014, ina aji biyar na firamare, 'yan Boko Haram suka shigo Mubi. Suka kama garin, suka sake masa suna suka ce Madinatul Islam, suka ƙone majami'u. A ranar ce kuma suka mamaye hedkwatar EYN da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp da ke Kwarhi, har ya zama dole shugabanni su koma Jos su zauna na wani lokaci. Ina iya tunawa da uwata goye da ƙanena, da ƙullin gari a ka, muna bin duwatsu zuwa wajen Kamaru tare da dubban mutane, Kirista da Musulmi, kowa yana ta kansa. Sai wajen tsakiyar Nuwamba maharba da 'yan banga tare da soja suka ƙwato garin. A wancan lokaci shugabannin EYN sun ƙiyasta mutanensu da aka kashe sun haura 8,000, waɗanda suka bar gidajensu kuwa kimanin 700,000. Yawancin 'yan matan nan 276 da aka sace a Chibok ran 14 ga Afrilu na shekarar, 'ya'yan wannan ikilisiya ne.

Akwai sunaye biyu da kowa ya sani. Leah Sharibu tana da shekara 14 aka sace ta a makaranta a Dapchi ran 19 ga Fabrairu, 2018, tare da 'yan'uwanta ɗalibai. Da aka komo da saura ran 21 ga Maris ba a komo da ita ba, waɗanda aka saki kuwa suka ce dalili shi ne ta ƙi barin bangaskiyarta. Sai Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kirista ta CAN a Michika, nan kusa da mu. An kama shi a farkon Janairu, 2020. A cikin hoton bidiyon da masu riƙe da shi suka fitar, ya yi magana a natse, ya nuna bai karaya ba, ya bar al'amarinsa ga Allah, ya roƙi a kula masa da iyali. Ran 20 ga watan suka kashe shi.

To, a nan ne na ke so in faɗi ra'ayina, ko da ya ke na san ba kowa zai yarda da ni ba. Ina ganin yawan ambaton waɗannan bayin Allah ya zame mana wurin ɓuya. Mu kan ji labarinsu a taron matasa, idonmu ya kawo ruwa, kowa ya ce a ransa, in ranar ta zo ni ma zan tsaya. Da mun fito shi ke nan, mun ɗauka mun biya. Mun mai da tsadar bin Almasihu abin rana ɗaya, ranar bindiga, wadda yawancinmu da yardar Allah ba za mu gani ba. Alhali kuwa kuɗin nan kullum a ke biyansa, da kaɗan da kaɗan. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ban yarda yarinya 'yar shekara 14 ta sami wannan ƙarfin zuciya a dare ɗaya ba. Lalle ta saba da riƙe gaskiya a ƙananan abubuwa tun tana gaban iyayenta. Mu tuna da Bitrus, wanda ya cika baki da yamma cewa ko mutuwa zai bi Ubangijinsa, kafin gari ya waye wata baiwa ta tambaye shi a bakin wuta ya ce bai san shi ba.

Kafin in wuce, bari in gyara wani kuskure da na kan ji a bakin waɗansu. Su kan raina waɗanda suka gudu a 2014, wai bangaskiyarsu ta gaza. Wannan magana ba ta da tushe. Yusufu da Maryamu sun gudu da Yesu zuwa Masar yana jariri. Manzo Bulus a cikin kwando aka zurara shi ta garun Dimashƙu da dare. Ba a ce mu nemi mutuwa ba, an ce kada mu yi musun Ubangiji. Ko waɗanda wuƙa a wuya ta sa bakinsu ya faɗi abin da zuciyarsu ba ta yarda da shi ba, ba mu ne za mu yi musu shari'a ba, mu da ba a taɓa sa mana wuƙar ba. Bitrus ɗin nan da ya yi musu sau uku, shi aka komo aka danƙa wa kiwon tumaki.

A ganina kuɗin da ya fi nauyi a Mubi bayan komowa aka biya shi, har yanzu kuwa ba a gama biya ba. Akwai wani dattijo a majami'armu, tela ne. Da ya komo a 2015 ya tarar an kwashe shagonsa kaf. Bayan 'yan watanni sai ya ga kekensa na ɗinki a zauren wani maƙwabci da suka yi shekara 20 suna gaisawa, ya gane shi da wata tsaga a jikin katakon. Ba zan faɗi addinin maƙwabcin ba, gama waɗanda suka kwashi kayan mutane a kwanakin nan ba addini ɗaya su ke yi ba. Samari suka taru suka ce ya ba su izini kawai. Ya hana su. Ya ɗauki dattijo ɗaya suka tafi wurin mai unguwa, aka kira mutumin, aka mayar masa da kekensa. Bayan shekara biyu matar mutumin ta rasu, telan nan yana cikin waɗanda suka fara zuwa gaisuwa, ya zauna a tabarma har azahar. Da na girma na tambaye shi, na ce, "Baba, yaya ka iya?" Ya ce, "Ɗana, gudu zuwa Kamaru kwana uku ne, na sha wuya ta wuce. Wannan kuwa kowace safiya sai na sake biya, gama ƙofarsa tana duban tawa."

Na san abin da waɗansu abokaina za su ce, gama sun sha faɗa mini a ɗakin kwana. Za su ce wannan ragwanci ne, kuma yawan haƙurinmu ne ya sa a ke taka mu. Ban raina maganarsu ba, domin a cikinsu akwai wanda aka kashe ubansa, ni kuwa nawa yana raye. Amma ga amsata. Da fari, gafara ba ta hana neman hakki. Telan nan ya karɓi kekensa ta hannun mai unguwa, abin da ya bari shi ne ramuwa. Muna da ikon mu kai ƙara, mu matsa wa hukuma ta tsare rayukanmu, mu faɗi gaskiya a kan abin da aka yi mana. Na biyu, in mun ce za mu rama, a kan wa za mu rama? Ran 21 ga Nuwamba, 2017, wani ya tayar da bam a masallaci a nan Mubi ana sallar asuba, mutum wajen 50 suka mutu. Ran 1 ga Mayu, 2018, aka sake tayar da waɗansu a masallaci da kasuwa. Hannun da ya ƙone majami'unmu shi ne ya zub da jinin masallata. Da yawa a cikinmu kuwa sun san wani maƙwabci Musulmi da ya ɓoye Kirista a ɗakinsa ko ya nuna masa hanyar fita gari, ya sa ransa a haɗari sabo da shi. Na uku, wanda mu ke bi ya roƙa wa masu gicciye shi gafara yana kan gicciye. Wanda ya ga wannan ya yi masa tsada, gara ya faɗa a fili, da ya riƙe sunan ya yar da aikin.

Yanzu bari in zo kan namu, mu da za mu zama malamai. Ina kuɗin ya ke a aikinmu? Ga shi nan a fili. Ranar jarrabawa za ta zo, iyaye su tara kuɗi, shugabanka ya kira ka ya ce ka rubuta wa yara amsa a allo, kowa yana yi. In ka ƙi, za a ce kai ne mugun malami, watakila a jefa ka wata makaranta a bayan dutse. Wata uku za su wuce ba albashi, sauran malamai su sa hannu a rajista su tafi gona ko kasuwa, ka ga ba mai dubawa. Za ka shiga aji ko za ka bi su? Yarinya za ta zo tana roƙon maki, ba kowa a ofis sai kai da ita. Ɗan maƙwabcin nan da ka ke zargi da kwashe kayan gidanku zai zauna a benci na gaba, ya ci 80 a lissafi, ɗan fastonka ya ci 40, alƙalami kuwa yana hannunka. Za ka sami yaran Musulmi a ajinka waɗanda iyayensu suka ba ka amana don ka koya musu karatu. Bin Almasihu a wurin nan shi ne ka riƙe amanar, kada ka yi wa addininsu ba'a, kada ka matsa musu da ikon da ka ke da shi, ka bar halinka ya yi shaida. Ba wanda zai rubuta sunanka a jarida sabo da waɗannan abubuwa, ba kuwa za a yi maka waƙa a taron matasa ba.

Har wa yau akwai maganar wurin aiki. Kowa a cikinmu yana addu'a a tura shi Yola ko cikin garin Mubi. In takarda ta fito da sunan wani ƙauye a wajen Michika ko Madagali, sai a shiga neman wanda ya san wani. Ban ce kowa ya kai kansa inda a ke harbi ba, hankali ma baiwar Allah ne. Amma akwai ƙauyuka da yawa da mutane suka koma suna noma, yaransu kuwa suna zaune ba malami, ba don haɗari ba sai don babu lantarki da ruwan famfo. Wannan ya kan tuna mini da wani malami Bajamushe, Dietrich Bonhoeffer, wanda ya shugabanci wata makarantar horon fastoci a zamanin Hitila har hukuma ta rufe ta a 1937. A shekarar ce ya fitar da littafinsa a kan almajiranci, inda ya zargi Kiristocin ƙasarsa da son ladan bin Yesu ba tare da wahalar binsa ba. A 1939 abokansa suka samar masa mafaka a Amurka, amma bai yi ko wata biyu ba ya komo, gama ya ga ba shi da bakin yi wa mutanensa magana bayan yaƙi in bai sha wuyar tare da su ba. An kama shi a 1943, aka rataye shi ran 9 ga Afrilu, 1945, yana da shekara 39. Mu ba a nemi ranmu ba. An nemi mu yi shekara biyu ko uku a ƙauye muna kunna fitila.

Abu ɗaya ya rage. A zamanin nan akwai masu wa'azi da su ke cewa duk wanda ya bi Yesu da gaske zai yi arziki, ba ciwo ba asara, in kuwa wahala ta same ka to bangaskiyarka ce ba ta isa ba. Ina so su zo su faɗi wannan a gaban gwaurayen Michika da iyayen Chibok. Allah ya kan yi wa bayinsa albarka, ban musa ba, ni ma na gani a gidanmu. Amma dillalin da ya ɓoye maka kuɗin kaya don ka saya, ba masoyinka ba ne.

Sabo da haka, 'yan'uwa, ga shawarata. Kafin mu karɓi takardar shaidarmu mu bar wannan kwaleji, kowa ya sami wata yamma ya zauna shi kaɗai da Luka sura 14 da 'yar takarda. Ya rubuta abin da ya san bin Almasihu zai ci masa a aikin malanta, ya ambace su da sunansu: kuɗin jarrabawa, da wurin zama mai daɗi, da fushin shugaba, da ramuwar da ya daɗe yana ɓoye a zuciya. Sa'an nan ya shafa aljihunsa. In ya ga bai kai ba, kada ya ji kunya, gama ba wanda ya taɓa kaiwa da ƙarfin kansa. Sai ya roƙi Allah ya cika masa, ya kuma nemi ɗan'uwa ɗaya da zai riƙa tambayarsa yadda ginin ya ke tafiya. Mu kuma da za a ba mu ajin baftisma ko makarantar Lahadi a ƙauyukan da za a tura mu, mu gaya wa yara kuɗin tun kafin su shiga ruwa.

Iyakar abin da na ke da shi ke nan. Wanda ya ga na yi kuskure, filin nan na kowa ne, sai ya rubuto a gyara mini. Allah ya ba garinmu zaman lafiya, ya ba mu ikon gama abin da muka fara. Amin.